Wa Zai Fito a Wa? Gardamarmu Idan Littafi Ya Zama Fim

Mu dai a unguwar nan, da zarar an ce za a mayar da wani littafi fim, to ranar ba a tashi daga hira da wuri. Ba mai tambayar nawa za a kashe, ko a wane gari za a ɗauka, ko wa zai riƙe kyamara. Tambayarmu ɗaya ce, daga teburin mai shayi har tsakar gida wurin masu tsintar shinkafa: wa zai fito a wane, wa za ta fito a wance? Kafin furodusa ya gama ciniki da marubuci, mu mun riga mun raba wa kowane jarumi matsayinsa. Mun zaɓi uwar yarinya, mun zaɓi kishiya, har direban gidan Alhaji mun san wanda ya dace da shi. Ranar da fosta ta fito kuwa, in aka saɓa wa zaɓinmu, sai ka ji ana cewa, "Wallahi sun ɓata littafin nan," alhali ko minti ɗaya na fim ɗin ba a kalla ba.

Wanda bai san yadda muke karatu ba zai ce shisshigi ne. Amma akwai inda muka samo wannan iko da muke jin muna da shi. Littafi a wurinmu ba ya zama a hannun mutum ɗaya. Duk wadda ta tashi a shekarun 1990 ta san yadda ake yi. A aiki yaro shagon haya ya karɓo na ɗaya, bangon ya sha salatif, gefen takardun ya yi baƙi saboda yawan hannu, wani shafin ma da ɗigon manja. Kafin a mayar da shi ya zaga gidajen layin kaf. Bayan sallar isha'i wadda ta fi iya karatu za ta zauna kusa da fitila tana karantawa a bayyane, ƙannenta sun kewaye ta, Inna na daga bakin ƙofa tana cewa ita ba saurare take ba. Amma da an zo inda aka zalunci yarinya, sai ka ji ta ce, "Allah ya isar miki, 'yar nan." A irin wannan zaman ne kowa yake ƙera fuskokin mutanen littafin a ransa. Mugun Alhajin nan, wata ta ba shi fuskar wani mai shago da ta sani. Uwar nan mai haƙuri, wani ya ba ta muryar gwaggonsa.

Yau shagon haya ya ja baya, karatu ya koma waya, ana tura shafi-shafi a WhatsApp, ana sauraren masu karantawa a rediyo da YouTube, amma halinmu yana nan. Mun yi makonni tare da mutanen littafin, mun san tafiyarsu, mun san yadda suke fushi da yadda suke huce. Ko a shirin Labarina, wanda ba daga littafi aka ɗauko shi ba, da Nafisa Abdullahi ta bar matsayin da take fitowa a ciki aka kawo Fati Washa, an daɗe ana ka-ce-na-ce. In fuskar da aka nuna mana muka saba da ita ta jawo haka, ina ga wadda mu da kanmu muka ƙera?

In ka zauna a majalisarmu za ka ga gardamar kashi uku take rabuwa. Samari suna suke bi. Wani mai Adaidaita Sahu zai ce, "Ni fa in ba gwanina aka sa ba, ba zan ɓata datata ba." Mata, musamman waɗanda suka haddace littafin, kama suke bi: marubuciya ta ce yarinyar baƙa ce, doguwa, mai wushirya, to me ya kawo fara gajera? Dattawa kuwa hali suke dubawa. Akwai wani tsohon malamin firamare da ke zama da mu, in surutu ya yi yawa sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ku yara, kama da wane ba ta wane. Ku bar zancen hanci da ido. In ta durƙusa gaida surukarta, durƙuson 'yar gidan mutunci take yi, ko na wadda ta san kyamara na kallonta?" Mai Adaidaita ya ce, "Allah gafarta Malam, ai fim kasuwa ce." Malam ya ce, "Kasuwa ce, ɗana, amma kayan wani aka ɗauko aka kasa."

Telan da ke jikin masallaci shi ya faɗi maganar da ta fi zama a raina. Ya ce a sana'arsa mutum ake aunawa sannan a yanka riga. A fim ɗin littafi kuwa rigar ta daɗe a ɗinke, marubuci ya gama aikinsa har da aska da surfani, abin da ya rage shi ne a nemo wanda za ta yi wa daidai. Inda masu shirya fim suke kuskure shi ne su kawo mutumin da suke so, in riga ta ƙi shiga su sa mata almakashi. Ina tare da tela a wannan magana. Yarinyar da marubuciya ta ce ba ta iya haɗa ido da babba ba, in aka ba jarumar da aka sani da tsiwa, ƙarshenta sai a sake wa yarinyar hali don ya dace da jarumar. Daga nan an bar littafin ke nan, sunansa kawai aka ara.

Gardamar nan ta girmi yawancin masu yin ta, domin fim ɗin bidiyo na Hausa tun yana jariri littafi ne ya goya shi. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, marubutan Kano, musamman 'yan ƙungiyar Raina Kama, suka shigo da littattafansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo. Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa ya kawo Rikicin Duniya. Aka ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, aka ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu aka yi Alhaki Kwikwiyo a 1998. Duk wannan tun sunan Kannywood bai kama bakin mutane ba.

In Da So Da Ƙauna kowa ya san labarinsa, har waɗanda ba su taɓa riƙe littafin ba. Sumayya 'yar masu hali, Muhammad talaka mai natsuwa, ga kuma Abdulƙadir mai kuɗi wanda manya suka fi so a ba shi, har abin ya kai ta ga faɗawa rijiya. Da aka zo fim, Gidan Dabino da kansa ya tsaya gaban kyamara a matsayin jarumin. Wasu a majalisarmu kan ce rashin kuɗin ɗaukar wani ne, wasu su ce ƙauna ce ta hana shi miƙa wa kowa. Ko ma mene ne, akwai alherin da zamanin nan yake da shi wanda muke neman rasawa: mai littafin yana wurin da ake ɗauka. Akwai wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, Muhammad ba zai faɗi wannan maganar ba." Kuma duba nauyin da ke kan duk wadda za ta fito a Sumayya. Yarinya ce mai ƙarfin zuciya da ta tsaya a kan abin da take so, amma 'yar gida ce da aka yi wa tarbiyya. In ƙarfin zuciyar ya rinjayi kunyar, iyaye za su ce fitsararriya ce. In kunyar ta rinjaya, ba wanda zai yarda ita ce ta nufi rijiya. Kyawun fuska ba ya warware wannan, sai iya wasa.

Alhaki Kwikwiyo kuma ya fi tona halinmu. Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma dafa abincin sayarwa don ta riƙe su. Rabi ba matsayin budurwa ba ne da za a shafa wa hoda a ka a ce ta manyanta. Mace ake nema wadda in ta sauke tukunya ta dafa ƙugunta, kowace uwa a gaban talabijin za ta ji ciwon bayan a jikinta. Delu kuwa, nan muke rashin adalci. Duk wadda ta fito a muguwar kishiya ta iya, sai mun bi ta da harara a gidan biki. Na sha jin tsofaffi suna cewa, "Ai wannan ba wasa take ba, halinta ne." Mukan manta cewa in Delu ba ta ƙona mana rai ba, haƙurin Rabi ba zai yi wani nauyi ba, kuma ranar da alhaki ya biyo Alhaji Abdu ba za mu ji sanyin da muka ji a littafi ba. Wadda ta sa muka tsane ta a fim, aikinta ta yi, godiya ta kamace ta.

Mu mutane ne da ke liƙa wa ɗan wasa matsayinsa har ya danne sunan yanka. Marigayi Usman Baba Pategi ya zama Samanja. Marigayi Rabilu Musa ya zama Ibro. Shi kansa Ɗan'azumi Baba, wanda ya yi suna da alƙalami tun kafin a haifi da yawa daga masu kallonsa, yau in ya ratsa kasuwa Kamaye za a kira shi saboda Daɗin Kowa. Wannan ƙauna ce, ba shakka, amma tana da kuɗin da ake biya. Jarumin da ya san za a bi shi da sunan mugu har ƙofar gidan surukansa, ba mamaki ya ƙi karɓar matsayin, ko ya nemi a sassauta masa. Jarumar da aka saba gani tana kuka, kullum kukan za a riƙa ba ta. Haka ake samun mutum ɗaya yana maimaita kansa a littafi goma daban-daban.

In ana neman abin kafa hujja, sai a koma baya zuwa Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta, ya shiga da shi gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Ɗan siririn littafi ne, amma ya ratsa azuzuwa da yawa a ƙasar Hausa. A 1976, shekara goma bayan kashe marubucin, Adamu Halilu ya mayar da shi fim na sinima. Kafin nan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun riga sun mayar da shi wasan kwaikwayo na dandamali, an buga shi a 1975. Da aka tashi yin fim, Umaru Ladan ɗin nan shi ya fito a Shaihu. Wato mutumin da ya zauna da littafin, ya bi shi layi-layi, ya juya shi ya zama magana a bakin 'yan wasa, shi aka ɗora wa rawanin. Tare da shi akwai Mairiga Aliyu da Husaini Mohammed da Assad Yasin da Harira Kachia, da Umaru Dembo, marubucin Tauraruwa Mai Wutsiya.

Ka tsaya ka auna abin da littafin yake nema daga 'yan wasansa. Shaihu yana zaune a Rauta, kusa da Bauci, almajirai sun kewaye shi, yana ba su labarin rayuwarsa. Wanda zai fito a nan sai ya san zaman malami a kan buzu, ya san inda ake dakatawa a ja numfashi, ya iya fitar da Larabci daga maƙogwaro yadda makarancin allo ba zai yi tsaki ba. Ga Makau, mijin uwar Umar, wanda hassadar fadawa ta sa aka kore shi daga Kagara: namiji ake so da zai fita daga gari a wulaƙance amma mutuncinsa bai zube ba. Ga uwar, wadda ta bazama neman ɗanta da aka sace, aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada har Murzuk da Tarabulus, ta gan shi bayan shekaru, sannan ba da jimawa ba ta cika. Ga Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa ya sa shi a karatu, alhali yana cikin fataken da ayarinsu ke tafe da bayi. Wane ɗan wasa ne zai nuna maka kirkin mutumin ba tare da ya ɓoye maka sana'ar da yake ciki ba? Sannan shi Umar ɗin, ga shi yaro, ga shi dattijo, dole mai kallo ya yarda mutum guda ne ya girma. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da farin jini zai iya ɗauka.

Abin da ke sosa mini rai shi ne yadda muka yi da mutanen da suka ɗauki wannan nauyi. Fim ɗin, mai tsawon sama da awa biyu, ya yi shekaru masu yawa ana zaton ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa a ɗakin ajiya na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Baƙi a can sun zauna sun kalli Umaru Ladan yana magana da Hausarmu. A nan kuwa, ka tambayi samarin majalisarmu, waɗanda suka san motar kowane jarumi da ranar haihuwarsa, su kawo maka sunan mutum biyu daga 'yan wasan Shaihu Umar, sai a yi tsit. Ko marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya raya mana Magana Jari Ce a talabijin ta NTA Kaduna, yaran yanzu sai an yi musu bayani.

Mai Adaidaita yana da gaskiyarsa, kada a danne masa. Furodusa kuɗi ya zuba, wani ma bashi ya ciwo. A zamanin kaset, dila a Ƙofar Wambai ko Bata kafin ya karɓi kaya sai ya tambaya, "Wa ke ciki?" Yau YouTube ce ke yin tambayar da yawan masu kallo. Kuma amsar daga hannunmu take fitowa, domin mu ne muke wuce duk hoton da ba mu ga sananniyar fuska a kai ba. Mu muke cewa an ɓata littafi, mu ne kuma muke guje wa sabuwar yarinyar da ta yi daidai da shi. Saboda haka ake duba yawan mabiya a Instagram da TikTok kafin a duba iya wasa. Saboda haka za ka ga uwa da 'yarta kamar sa'o'in juna, ka ga 'yar ƙauyen da aka ce daga rafi take, ga farce an liƙa, ga gashin ido an ƙara. Ka ga an ce mutum Basakkwace ne tun kakanni, ya buɗe baki Kananci tsantsa. Mai karatu yana lura da duk wannan, domin shi ya san abin da aka rubuta.

Gyaran ba wani abu ne mai wuya ba. A zauna da marubuci ranar zaɓen 'yan wasa, kada a sallame shi da kuɗinsa a ce sai ya gani a allo. A kira mutane a gwada su, sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu iyawa suna nan a ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, da gidajen rediyo, da sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano. Duk wanda aka ba matsayi a miƙa masa littafin ya karanta daga bango zuwa bango, kada ya tsaya a 'yan layukan da zai faɗa a ranar. In labarin a Katsina yake, ko Sakkwato, ko Damagaram, a nemi wanda harshen wurin ya zauna a bakinsa. Kuma kada a raina ƙananan matsayi. Kaka da mai gadi da ƙawar amarya su suke sa gida ya zama gida a idon mai kallo. In aka cike gurbinsu da duk wanda aka tarar a wurin ɗauka, manyan jaruman ma sai su yi ta reto babu abin dafawa.

Mu kuma 'yan unguwa, kada mu bar gardamar nan. Ita ce shaidar cewa littattafan suna da rai a cikinmu, kuma ranar da aka mayar da littafi fim ba wanda ya ce uffan, ranar marubuta za su yi kuka. Sai dai mu yi ta da adalci. Mu kalla kafin mu yanke hukunci. In an kawo baƙuwar fuska, mu ba ta dama ta nuna abin da ta iya. In wata ta fito a muguwa ta ba mu haushi, mu yaba mata, mu bar mata mutuncinta a gidan biki. In rubutun ƙarshen fim yana hawa, mu daure mu karanta sunayen, har na wadda ta fito a kaka, mu riƙe su, mu faɗa wa 'ya'yanmu. Ku kuma masu shirya fim, don Allah, littafin da kuka ɗauka amana ce ta marubuci da ta dubban mutanen da suka karanta shi kafin ku. Ku ba kowane matsayi mai shi, ko da ba a san sunansa ba. In ya iya, mu za mu sanar da duniya sunan.